Tambayi Likita: Yaya ake gane magani yana aiki?

Wani magidanci daga Kurna: Likita, maƙwabcina ya sha wani jiƙo ya warke daga zazzaɓi. Wane gwaji kuma ake nema bayan wannan?

Malam, ciwo da yawa kan lafa da kansa, sai abin da aka sha a ƙarshe ya kwashe yabo. Shi ya sa ake tara masu ciwo iri ɗaya, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wadda kwamfuta ke jefawa yanzu. Gida ɗaya a ba shi sabon magani, ɗayan a ba shi wanda aka saba. Ƙuri'ar ita ce ginshiƙi, domin in aka bar likita ya zaɓa, ko bai yi niyya ba zai iya ware masu sauran ƙarfi ya ba su sabon, sai maganin ya fito da kyan da ba nasa ba.

Da haka aka tabbatar da streptomycin kan tarin fuka a Birtaniya a 1948. A 2010 kuma, gwaji kan yara sama da 5,000 a ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya, ya nuna allurar artesunate ta fi kwinin ceton rai a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ya sa kwinin ya ja baya a asibitocinmu.

Wata uwa daga Gwale: Mu da muka ga abin da ya faru lokacin sanƙarau, ya za mu yarda?

Hajiya, kina da gaskiyarki. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa mai suna Trovan a nan Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayani ba. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin jiha kan dala miliyan 75. Yau sai kwamitin ɗa'a da NAFDAC sun amince kafin a fara. Dole a yi miki bayani da Hausa, ki sa hannu da yardarki, kuma ki janye ɗanki duk ranar da kika so ba tare da an hana shi kulawa ba. Wanda ya gaggauta ki, ki tashi ki bar shi.

Wani ɗalibi daga Kabuga: Da gaske ana ba wasu ƙwayar da babu magani a cikinta?

Ana yi, amma ba a ciwo mai haɗari da ke da sanannen magani ba. Mai sanƙarau dole a ba shi magani na gaske.