Tarin kayan babur: sha'awa ce ko tarkace?

Wani ɗan'uwa daga Zariya ya turo tambaya, wai yana da babur amma ya fi jin daɗin yi masa kwalliya akan hawansa, yau ya sayo fitila gobe madubi jibi a canza rigar kujera, abokansa suna ta tsokanarsa wai wannan ba sha'awa bace tarin tarkace ne kawai. Yana so ya san wace kalma ce ta dace da abin da yake yi.

To ɗan'uwa, kalmar sha'awa dai daga Larabci muka aro ta, shahwa, kuma a can ta fi karkata ga buƙatar jiki, shi yasa har yanzu in ka faɗe ta a wani wurin sai ka ga mutane sun sunkuyar da kai. Amma Bahaushe ya faɗaɗa ta, ana cewa wane mai sha'awar kiwon tattabaru ne, ba wanda zai tambaye shi ko cin su yake. Marmari daban ne, shi na abin da aka daɗe ba a samu bane, da ka samu shikenan ya wuce. Naka kuwa baya wucewa, saboda haka sha'awa ce.

Tarkace kuma su ne kayan da aka jibge ba tsari ba kulawa, mai su ma bai san me ke ciki ba. Ka tuna jeren iyayenmu mata mana, langa da fanteka da tasoshi tun daga ƙasa har kusan rufin ɗaki, yawancinsu ba a taɓa zuba musu tuwo ba amma ana sauke su a goge a mayar, wa ya isa ya ce wa kakarsa tarkace ta tara? Haka masu doki, sirdi da likkafa da linzami da jalala wani sai hawan sallah zai fito da su.

Abokan naka kace musu kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Sai dai fa karin maganar nan akwai zolaya a cikinta, don kura akuyar maƙwabci za ta ci, in kuɗin cefane ne ke tafiya wajen fitilun nan to uwargida ce mai akuyar, ita zaka fara lallaɓa ba abokai ba.