Za a iya noman kwakwar manja ba tare da an cinye kurmi ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai hanyar kafa gonar kwakwar manja da ba za ta hallaka kurmi ba. Akwai, kuma tun daga zaɓen fili ake farawa. A nemi ƙasar da aka riga aka share ta lalace, a bar kurmin da bai taɓa ganin gatari ba. Mafi haɗari shi ne dausayin da ruɓaɓɓen ganye ya taru cikinsa shekaru dubbai. Da zarar an janye ruwansa, sai ya bushe ya riƙa fitar da iskar kabon, wuta kuma ta ci ta ƙarƙashin ƙasa wata da watanni, kamar yadda aka gani a Indonesiya a 2015.  Shi ya sa RSPO, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin noman kwakwar manja ba tare da ɓata muhalli ba, ta hana mambobinta sabon dashe a irin wannan ƙasa a 2018.

Cikin gonar kuma, a bar itatuwa a gaɓar kogi, da zirin daji da zai haɗa kurmi da kurmi don giwaye da birai su samu hanyar wucewa. A shuka dangin wake tsakanin layuka su rufe ƙasa. Dungun da aka cire 'ya'yansa a mayar gindin bishiya ya zama taki. A Malesiya har akwatuna ake kafa wa mujiya a kan dogayen sanduna, ta kama ɓeraye da dare, a rage zuba guba. Dagwalon masana'antar matse manja kuma a rufe shi, a tara iskar gas ɗinsa a yi lantarki.