Tambayoyinku: Mu saya wa Baba injin jijjiga?

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Babanmu ne ya samu shanyewar ɓarin jiki wata 4 kenan, ɓangaren dama, hawan jini ne ya jawo. Yanzu yana ɗan takawa da sanda amma hannun ya ƙandare yatsun a dunƙule, kuma abinda yafi damuna sai kawai ki ga yana hawaye, in mun kawo abinci yace ya ƙoshi. Na ga ana tallar wani inji a Facebook wai mutum zai tsaya a kai yana girgiza shi, sunce yana maganin shanyewa har da damuwa. Yayana yace mu haɗa kuɗi mu saya. Ya kika gani? Daga ƙanwarki a Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya yasa kaffara ne. Ku dakata da sayen nan tukuna.

Injin dai ba ƙarya bane, likitocin fisiyo, wato masu gashi da motsa jiki, na amfani dashi, kuma iri biyu ne, akwai wanda ake tsayawa a kai jiki duka ya jijjiga, akwai ƙarami da ake ɗorawa kan tsoka guda. Jijjigar tana zaburar da jijiyoyin da ke cikin tsoka, shi yasa a wasu mutanen tsokar da ta ƙandare takan ɗan saki, amma na ɗan lokaci ne, bayan nan ta koma. Amfaninsa kenan, a wannan ɗan sakin sai a yi maza a sa mutum atisaye.

Don kinga ciwon nan ba a hannu yake ba, a ƙwaƙwalwa yake, jini ne ya toshe ko jijiya ta fashe wani sashe ya lalace, kuma abinda ke sa sauran sassan su koyi aikin shine maimaici, Baba ya ɗauki kofi da kansa, ya gwada ɓalla maɓallin riga, ya ja carbi da hannun daman ko da sau goma zai kuɓuce masa, yau da gobe har hannun ya fara jin magana. Saurin farfaɗowa yafi yawa a wata 3 zuwa 6 na farko, ku kuma kuna na 4, wallahi duk satin da ya wuce ana jiran inji asara ce. Kuɗin nan da kun zuba shi a zuwa gashi, sashen fisiyo na Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe, da yafi. In sun ga jijjiga zata taimake shi su zasu faɗa.

Kuma akwai haɗari. Mai tafiya da sanda in ya hau abu mai girgiza faɗuwa ba wuya. Wanda jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa, ko mai na'urar bugun zuciya, ko wanda jininsa bai daidaita ba, bai kamata ya hau ba. Ƙaramin ma kar a kuskura a ɗora shi a wuya. Dan Allah ku daina jan shi ta hannun da ya shanye in zaku tada shi, kafaɗar na iya gocewa.

Hawayen nan kuwa shi yafi tsaya min a rai. Kusan mutum 1 cikin 3 da suka samu shanyewa suna faɗawa ciwon damuwa, wasu kuma kukan ke zuwar musu ba tare da sun so ba saboda inda ciwon ya taɓa. Ba rashin tawakkali bane, kar wani ya zo yana masa faɗa. Mutumin da ya saba fita masallaci da kasuwa yau sai an kai shi banɗaki, ai dole. Ki faɗa wa likitansa maganar kukan da ƙin cin abincin ƙarara, akwai magani. Da la'asar ku fito masa da kujera ƙofar gida abokansa su zauna dashi, a riƙa tambayarsa shawara kan harkar gida kamar da. Maganin hawan jinin kuma kar a tsallake ko na kwana ɗaya, ki rubuto min bayan wata guda in ji ya hannun yake.