Murfin shadda ya tsage, in yaro ya faɗa wa zai ɗauki asibiti?

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Mun samu ciki da falo a Kano, ya fi wanda muka fara gani sauƙi da dubu 70, amma mu huɗu ne masu haya a tsakar gida ɗaya kuma murfin shaddar da ke bakin banɗaki ya tsage har ana ganin rodi. Dillali ya ce mu biya kawai, mai gida zai gyara bayan salla. Yarana biyu ƙanana ne. Mu kama? In Allah ya kiyaye wani ya faɗa, mai gida ne zai biya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Dan Allah kar ku ba da ko kwabo sai an zuba sabon murfi kin gani da idonki. "Bayan salla" ɗin nan na dillalai kin san ba ta zuwa, shi da ya karɓi la'adarsa ba za ki sake ganin ƙeyarsa ba, ke kuma kina kicin yaro ya rarrafa ya nufi wajen, ga damina ruwa ya jiƙa siminti rodin ya ci tsatsa, wallahi tun da na karanta saƙonki hankalina bai kwanta ba.

Maganar wa zai biya kuwa, a shari'ance abin da ake dubawa shi ne wa ke da iko da wajen kuma ya san da matsalar. Tsakar gida, matakala, rijiya, shadda, katanga, duk wanda kowa ke amfani da shi yana wuyan mai gida. Amma abin da ke cikin ɗakinki wanda ke kika jawo, misali kin jona waya da kanki ta ja yaro, wannan naki ne. To inda masu gida ke zillewa shi ne "ni ba wanda ya faɗa min". Shi ya sa malaman Malikiyya suka yi maganar katangar da ta karkata: in an gargaɗi mai ita a gaban shaidu ya samu lokacin gyara ya ƙi, ta faɗo kan mutum, to shi zai biya. Kin ga kenan gargaɗin shi ne makaminki. Ki ɗau hoto, maigidanki ya tura wa mai gidan ta WhatsApp ba dillali ba, a faɗa a gaban mai unguwa, kuma a rubuta a takardar haya cewa gyaran shadda nasa ne. In ya yarda ku gyara a cire daga kuɗin haya, shi ma a rubuce, ku ajiye rasit. In ya ƙi duka, ku koma wancan gidan, dubu 70 ba ta kai ɗaurin karaya ɗaya ba.

Tambaya: Hajiya ni mai gida ne, bene ne da ni na haya. Baƙon wani ɗan haya ya zame a matakala ya karye, ba ƙarfen riƙewa. Ai ba ni na gayyato shi ba?

Amsa: Alhaji, ba kai ka gayyato shi ba amma matakalar taka ce, kuma ka san masu haya suna yin baƙi. Ka je ka duba shi, ka sa hannu a kuɗin magani, a yi sulhu a rubuce kafin ta kai kotu, gobe ka kira mai walda. Sannan ka sani tun dokar inshora ta 2003 aka wajabta inshorar gine-ginen jama'a, har da gidajen haya, kuma tana ɗaukar raunin da mutum ya ji a ginin. Ka nemi kamfanin da ke da lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da inshora a Najeriya, in kana gudun riba ka tambayi na takaful, akwai su.