Kalmomin buɗe sujada: amsa ga ɗana

Ɗana, saƙonka ya iso mini, na kuma karanta shi har sau biyu. Ka ce an ba ka jagorancin sujada ranar Lahadi mai zuwa a karo na farko, kana so in rubuta maka waɗansu kalmomi masu daɗi da za ka buɗe da su, irin waɗanda za su tayar da jama'a tun daga farko. Da ban amsa ba, domin na gaji da samarin da suke so a tauna musu a sa musu a baki, amma wannan magana taka ta tayar da jama'a ta fama mini wani tsohon miki wanda har yau bai warke ba, shi ya sa na zauna na ɗauki alƙalami.

Ba zan ɓata lokacina ina gaya maka ka zo da wuri, ka yi addu'a kafin ka hau, ka san lambar waƙar farko da sunan mai wa'azi ba. Wanda sai an koya masa waɗannan bai isa a miƙa masa littafin waƙoƙi ba, balle a ba shi mumbari. Abin da ya kamata ka gane, wanda na ga da yawa cikin sa'o'inka ba su gane ba, shi ne cewa buɗe sujada kira ne, kuma mai kiran Allah ne. Kai ɗan aike ne kawai, ɗan aike kuwa ba ya ƙara wa saƙo gishiri. Saboda haka kalmomin farko da za su fito daga bakinka bayan gaisuwa, daga Littafi Mai Tsarki za ka ɗauko su. Ka duba Nehemiya sura 8, ka ga yadda Ezra ya yi: ya tsaya a kan dakalin katako, ya buɗe littafin a idon jama'a, suka miƙe tsaye, ya yabi Ubangiji Allah mai girma, dukan jama'a suka ɗaga hannuwa suka amsa da Amin, Amin, sa'an nan suka sunkuya suka yi sujada. Ba a rubuta cewa ya tambaye su yadda suka kwana sau uku ba. Magabatanmu a bangaskiya ma haka suka bi. A tsarin sujadar da Jon Kalbin, ɗaya daga cikin masu gyaran ikkilisiya a Turai, ya shirya wa ikkilisiyar birnin Janiba a shekarar 1542, da aya guda ake buɗewa, wato Zabura 124:8, inda aka ce taimakonmu yana cikin sunan Ubangiji wanda ya yi sama da ƙasa. Littafin addu'o'in ikkilisiyar Ingila na shekarar 1549 kuma ya sa Zabura 95 a kusa da farkon addu'ar safe, wadda take cewa ku zo mu raira waƙa ga Ubangiji. Waɗannan mutane sun fi ni da kai iya magana nesa ba kusa ba, amma da suka zo bakin ƙofar sujada sai suka bar Maganar Allah ta fara shiga.

Ni ga yadda na yi shekara 31 ina yi. Ina gaishe su da gaisuwar manzanni, alheri da salama daga Allah Ubanmu da Ubangiji Yesu Almasihu su tabbata a gare ku. Ina karanta aya ɗaya ko biyu a hankali, littafin a buɗe a hannuna ko da na haddace ta. Ina ƙara jimla biyu ko uku nawa, in ce mun taru a gaban Allah wanda ya kira mu, mai murna da mai nauyin zuciya duka akwai musu wuri, baƙin da suka zo kuma muna yi musu maraba. Sai gajeriyar addu'a, sai in faɗi lambar waƙa sau biyu, in ja da baya. Duk wannan ba ya kai minti 3. Sau ɗaya tak na kauce wa wannan tsari, kuma labarin wannan ranar ce nake so ka ji.

Akwai wata mace a cikin ƙungiyar mawaƙanmu, mai aminci ƙwarai, wadda mijinta bai taɓa taka ƙofar majami'a ba. Ba ya hana ta zuwa, amma shi ya ce ya ga halin masu zuwa coci ya ishe shi. Shekara 4 na yi ina zuwa wurinsa, ina zama kusa da shi yana aikinsa, wani lokaci mu yi hira, wani lokaci in zauna har in tashi bai ce mini uffan ba. Ana nan matar ta kwanta ciwo mai tsawo, ta rasu. Mako uku bayan jana'iza ya tare ni a hanya, ya ce mini, "Malam, ranar Lahadi zan zo in ga wurin da take zama." Na koma gida zuciyata fari fat, na kwana biyu ina neman ayar da zan buɗe da ita saboda shi, har na tsaya a kan Zabura 34:18, wadda ta ce Ubangiji yana kusa da masu karyayyar zuciya, yana kuma ceton waɗanda ruhunsu ya raunana. Na rubuta ta a 'yar takarda, na sa a cikin littafina.

A wannan lokaci muna da sabon gini wanda ya kai ga rufi ya tsaya. Wani mai hali, wanda ba ɗan ikkilisiyarmu ba ne, ya aiko cewa zai zo ya yi sujada tare da mu, kuma shi zai ɗauki nauyin rufin gaba ɗaya. Ranar da ya zaɓa kuwa ita ce wannan Lahadi. Da safe na ga mutumina ya shigo tun kafin jama'a su cika, riƙe da littafin waƙoƙin matarsa, wanda ta ɗinke bangonsa da baƙin zare saboda tsufa, ya je ya zauna a benci na uku daga gaba, daidai inda take zama idan ba ta cikin mawaƙa. Saura 'yan mintoci a fara, sai ɗaya daga cikin dattawa ya miƙo mini doguwar takarda cike da sunaye da muƙamai, ya raɗa mini cewa da wannan za a buɗe, kada in tsallake ko ɗaya, kuma in tayar da jama'a sosai domin baƙon ya ga ana murna da shi. Ka ji kalmar taka ke nan. Ina tsaye ina kallo masu raba wuraren zama suka tashi mutanen benci uku na gaba domin tawagar baƙon, har da mutumina, wanda aka mayar can baya kusa da ƙofa. Ya tashi bai ce kome ba.

Na san Yakubu sura 2 tun ina yaro. Na san abin da aka faɗa a kan mai zoben zinariya da ake cewa ya zauna a wuri mai kyau, matalauci kuwa a ce masa ya tsaya can. Duk da haka na hau, na bar 'yar takardata a cikin littafi, na ɗauki tasu. Na yi kusan minti 15 ina jera muƙamai, ana tafi, ana guɗa, ni ma abin ya ɗauke ni, na fara jin daɗin yadda muryata take juya jama'a. Daga nan sai bakina ya faɗi abin da ban shirya ba. Na ce, "Yau ranar murna ce, duk wanda ya zo da baƙin ciki ya bar shi a waje, ba mu son ganin fuska a murtuke a gidan nan." Aka yi dariya, aka ƙara tafi. Da na ɗaga ido na duba baya, sai na ga ya rufe littafin matarsa a hankali, ya ajiye shi a kan benci, ya miƙe ya fita, bai waiwaya ba.

Da yamma na je gidansa. Ya ba ni wurin zama kamar yadda ya saba, ya saurari ban haƙurina har na gama, sa'an nan ya ce, "Kai ne ka ce mai baƙin ciki ya bar shi a waje. Ni kuwa ba ni da abin da zan shigo da shi sai shi." Na koma wurinsa fiye da sau goma bayan haka, bai taɓa yi mini rashin kunya ba, bai kuma sake zuwa ba, har ya tashi daga wurin na rasa labarinsa. Magana zarar bunu ce. Littafin waƙoƙin yana nan a akwatina har yau, domin da na kai masa ya ce in riƙe.

Shi kuwa mai halin, ya tashi a tsakiyar sujada ya yi jawabi, ya maimaita alkawarinsa a gaban bagadi, aka yi masa addu'a, ya fita kafin wa'azi. Ko ƙusa ɗaya ba mu gani ba. Mun riga mun dakatar da tara gudummawar gini saboda maganarsa, wato mun ga hadari mun zubar da ruwan randa, ginin ya sha damina uku a buɗe har bango ɗaya ya tsage. Sau huɗu ana aika ni ƙofar gidansa, kowane zuwa mai gadi ya ce mini ya yi tafiya, alhali ina jin muryarsa a ciki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da aka zauna taron dattawa a kan maganar, wanda ya miƙo mini takardar nan shi ne ya ce wataƙila mutumin ya ji haushi ne domin na tsallake ɗaya daga cikin muƙamansa. Ba wanda ya tambayi inda mijin marigayiyar ya shiga. Na yafe kamar yadda aka umarce mu, amma ban manta ba, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake sa mini takarda a hannu a bakin mumbari na karɓa. Maraba da manyan baƙi tana da wurinta a lokacin sanarwa, suna ɗaya, jimla ɗaya, a wuce.

Yanzu ka gane abin da ya sa raina yake ɓaci idan na ga abin da samarin yanzu suke yi. Yaro zai hau da waya a hannu, bai ko riƙe Littafi ba, ya ce a ce Haleluya, a faɗa, ya ce bai ji ba, a ƙara, ya tambaya ko ba a karya kumallo ba ne, mai kiɗa kuma yana ta danna masa sauti a ƙarƙashin magana kamar yadda suka gani a talabijin. Sai ya ce kowa ya juya ya gaya wa na kusa da shi cewa wannan makon makon nasararsa ne. Wa ya gaya maka? A cikin mutanen da suke zaune a gabanka akwai wadda ta kwana a asibiti da yaro, akwai wanda aka sallama daga aiki bai gaya wa matarsa ba tukuna, akwai wanda ya yi zunubi a daren jiya yana jin kunyar ɗaga kai. Karin Magana 25:20 ta kwatanta mai raira waƙa ga mai baƙin ciki da wanda ya tuɓe wa mutum riga a ranar sanyi. Romawa 12:15 ta ce a yi murna da masu murna, a yi kuka da masu kuka, kuma dukansu biyu suna cikin ɗaki guda kowace Lahadi. Zabura guda 150 ne muke da su, da yawa daga cikinsu kuka ne, har Zabura 88 ta ƙare ba tare da kalmar murna ko ɗaya ba, kuma Allah bai cire ta daga littafinsa ba. Ban ce kada a yi murna ba, ni kaina na buɗe da Zabura 100 sau ba adadi, majami'a ta ɗauka da sowa. Zaburar ce take ba mutum dalilin murnar, cewa Ubangiji nagari ne, ƙaunarsa kuma madawwamiya ce, mai baƙin ciki ma yana iya cewa Amin a kan wannan. Umurnin da kai za ka ba shi cewa ya saki fuska ba shi da abin da zai riƙe a cikinsa.

Game da zaɓen aya, ka tambayi mai wa'azi nassinsa tun tsakiyar mako, ka kuma san abin da ya faru a ikkilisiya cikin makon. Idan an yi rashi, Zabura 46 ko Matiyu 11:28 suna nan. Idan ranar Jibin Ubangiji ce, ka nemi abin da zai sa mutane su natsu, kamar Habakuk 2:20, inda aka ce Ubangiji yana cikin haikalinsa mai tsarki, bari dukan duniya ta yi shiru a gabansa. Kada ka yi wa'azi a kan ayar, akwai wanda aka ba wannan aiki. Kada ka ba da haƙuri cewa ba ka shirya ba ko muryarka ta dushe, ba wanda ya zo jin labarinka. Kada ka tsawata wa waɗanda suka zo saboda waɗanda suka makara. Addu'ar buɗewa kuma kada ka mayar da ita jerin bukatun duniya duka, Mai Hadishi 5:2 ya riga ya ce Allah yana sama kai kana ƙasa, saboda haka kalmominka su zama kaɗan.

Ba zan rubuta maka kalmomin ba. Ka zauna ka zaɓi ayarka, ka rubuta jimloli ukun da za ka ƙara da hannunka, ka karanta su da ƙarfi a ɗakinka kana tunanin mutumin da yake zaune a benci na ƙarshe kusa da ƙofa, sa'an nan ka kawo mini su ranar Alhamis da yamma in duba. Ka zo da Littafinka na takarda, kada ka zo mini da waya.