Tikitin hannu, babbar jaka da gaban dandamali: amsoshinku kafin ranar biki

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato manyan bukukuwan da ake yi a filayen shaƙatawa, inda ake kafa dandamali, a kewaye wuri da shinge, jama'a su yi dafifi tun hantsi har dare. Kowane biki da nasa dokokin, kuma masu shiryawa kan wallafa su a shafinsu ko a jikin tikiti. Ku karanta su kafin ku sa hannu a aljihu, don su ne za su faɗa muku abin da ya cancanci saye.

Tambaya: Tikiti ya ƙare, amma wani a Facebook ya ce zai sayar mini da nasa da rangwame, har ya turo mini hotonsa. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Tikitin yanzu lambar QR ce, wato zanen nan mai kusurwa huɗu da na'ura ke karantawa, kuma na'urar bakin ƙofa sau ɗaya take karɓarta. Ɗan damfara zai tura hoto guda ga mutum goma, kowa ya biya, wanda ya riga zuwa ya shige, sauran tara su tsaya suna ta rantse-rantse a gaban masu gadi. A wasu manhajojin ma lambar sauyawa take yi bayan 'yan daƙiƙoƙi, hoton jiya ba ya aiki yau. Akwai kuma bukukuwan da tikiti ke ɗauke da shaidar mai shi. Na Glastonbury a Ingila har hoton fuskar mutum ake bugawa a kai, wani ba ya shiga da shi. Sannan abin da ake rububinsa har ya ƙare, me zai sa mai shi ya karya masa farashi? Idan masu bikin suna da hanyar da ake mayar da tikiti daga sunan wani zuwa na wani a cikin manhajarsu, bi ta nan. Idan babu, ka haƙura sai wani karon.

Tambaya: Zan je da yara uku, ƙaramin shekararsa huɗu. Ina shirin sayen babbar jakar goyo, kujeru masu naɗewa, lema da akwatin sanyi. Wanne ne dole?

Amsa: Hajiya, a cikin huɗun nan akwai yiwuwar a tsayar da uku a bakin ƙofa. Bukukuwa da yawa suna ƙayyade girman jaka, wasu su ce kada ta wuce takardar A4, wato santimita 21 da kusan 30, wasu kuma sai mai garai-garai da ake ganin cikinta. Dalilin ba wulaƙanci ba ne. Kowace jaka sai an caje ta, babba na cin lokaci, layi ya yi tsawo, cunkoso ya taru a ƙofa. Ƙaramar jaka mai zif da za ki rataya ta gaba ta wadatar, kuma ta fi wahalar yanka ga masu sane.

Kujera kan zama abin tuntuɓe idan duhu ya yi, shi ya sa ko dai a hana ta gaba ɗaya ko a ware mata wuri can baya. Shimfiɗa mara nauyi da za ki naɗe ki saƙala ta fi. Lema tana tare wa na baya gani, tsinkayenta kuma daidai idon mutane suke, saboda haka ki sayi rigar ruwa ta leda da hula mai faɗin baki. Kwalba kuwa kusan ko'ina haramun ce, domin in ta fashe a cikin ciyawa babu mai iya tsince ta tas, kuma gobe yara ne za su yi gudu a wurin ba takalmi. Ki tafi da gorar roba ko ta ƙarfe. Sau da yawa za a ce ki shigo da ita babu komai a ciki, ki cika a famfon da aka tanada.

Abin da ya fi duk waɗannan kuwa ba ya cin kuɗi. Kafin ku fita, ki ɗauki kowane yaro hoto da kayan da ke jikinsa, ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa masa a aljihu ko a abin hannu. Da kun shiga, ki nuna musu rumfar ba da agaji da irin rigar da ma'aikatan wurin ke sanye da ita, ki ce duk wanda ya ɓace nan zai nufa.

Tambaya: Wace fawa banki zan saya, mai 10,000 ko mai 20,000?

Amsa: Don wuni ɗaya, mai 10,000 mAh (ma'aunin yawan cajin da batiri ke ɗauka) ta isa. Ka dai sani ba duka adadin ke shiga waya ba, kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiya a wajen sauya wutar da zafi, don haka wayar da batirinta ya kai 5,000 za ta cika sau ɗaya da ɗan ƙari. Mai 20,000 nauyi ce kawai, sai in ku biyu ne. Caji na saurin zubewa a taro saboda dubban wayoyi na kokawar sabis a kan turaku kaɗan. Ka sauke tikitinka a waya tun daga gida, kuma in kira ya ƙi shiga ka tura saƙon tes.

Tambaya: Akwai tikiti mai tsada na gaban dandamali. Ya cancanci ƙarin kuɗin? Da ɗiyata 'yar shekara bakwai zan je.

Amsa: Malam, da yarinya a hannu, ni ban ba ka shawara ba. Na farko ƙarar sauti. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa matsakaicin sauti a wuraren nishaɗi kada ya wuce desibel 100, kuma a ma'aunin da hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawarar a bi, minti 15 kacal kunne ke jure wannan ƙarfin a rana ba tare da haɗari ba. Gaban lasifika kuwa nan ne ya fi ko'ina. Kai ka sayi toshiyar kunne ta soso, ita kuma ka nema mata irin mai rufe kunnen gaba ɗaya, don ta soso ba ta zama daidai a kunnen yaro.

Na biyu matsi. A Nuwamba 2021 mutum 10 suka mutu a wani biki a Houston ta Amurka lokacin da jama'a suka matso gaban dandamali, ƙaraminsu ɗan shekara 9. A Duisburg ta Jamus, a Yuli 2010, mutum 21 ne suka rasu a wani biki, a mashigar da ake shiga kuma ake fita ta cikinta. Mutane na ɗauka tattakewa ce ke kisa a turmutsitsi, alhali yawanci ƙirji ake matsewa har numfashi ya gagara, mutum yana tsaye. Masana sun ce haɗari na farawa idan an kai kamar mutum biyar a murabba'in mita ɗaya. Ba sai ka ƙirga ba: da ka ji ana taɓa ka ta kowane ɓangare, ko ka kasa ɗaga hannu zuwa fuskarka, lokacin fita ya yi. Ka ɗauki yarinyar, ka kare ƙirjinka da hannu, kada ka yi kokawa da turin, ka riƙa zamewa ta gefe duk lokacin da ya lafa. Ko wayarka ce ta faɗi, kada ka sunkuya. Kuɗin da za ka ƙara, gara ka biya shi a wurin da ke da inuwa, wurin zama da banɗaki kusa, in akwai irinsa.

Tambaya: Idan hadari ya taso, ana mayar da kuɗi?

Amsa: Galibi a'a. Yawancin tikiti na ɗauke da sharaɗin cewa za a yi biki ko ana ruwa, sai in masu shiryawa ne suka soke shi da kansu, don haka duba wannan layin kafin ki biya. Tsawa ce ba a wasa da ita a buɗaɗɗen fili. Ki ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin walƙiya da rugugi, kowane uku kusan kilomita ɗaya ne. Gindin bishiya da rumfar tanti ba mafaka ba ne, ki nufi gini ko mota mai rufin ƙarfe, ki zauna har a yi minti 30 da jin rugugin ƙarshe.