Da madubi muke auna lokaci

Jiya muna rufe ɗakin gwaji ka tambaye ni: "Maigida, tunda babu kyamarar da ke iya cim ma femtosakan, da me muke ganin abin da ke faruwa a cikin gilashin?" Na ji daɗin tambayar, ɗana, don nan ne gindin aikin.

Tazara ce agogonmu. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. A femtosakan ɗaya kuwa, wato daƙiƙa an kasa ta gida miliyan sau biliyan, tafiyarsa ba ta wuce maikuromita 0.3 ba (maikuromita shi ne mita an kasa ta gida miliyan). Ka ga madubin nan da ke kan dogo? In ka ja shi baya da maikuromita 1, zuwa da dawowa ka jinkirta hasken da kusan femtosakan 6.7.

Lezarmu ta titaniyom da safaya tana fitar da walƙiya mai tsawon zangon haske nanomita 800 (nanomita dubu ne maikuromita ɗaya). Mukan raba ta uku. Ta farko ta ratsa gilashin tun ba a taɓa shi ba, ita ce shaida. Mai ƙarfin ta biyo ta doke shi, ta ukun ta bi sawu ta leƙa. In shaida da ta uku suka haɗu a na'urar warware launuka, sai ka ga layukan haske da duhu sun jeru kamar haƙoran mataji. Idan dukan ya canza yadda gilashin ke rage wa haske gudu, haƙoran sai su gusa gefe. Gusawar nan muke karantawa. Sai a matsa madubi kaɗan don canza tazarar lokaci tsakanin duka da leƙe a sake, a matsa a sake, har labarin ya fito. Da irin wannan duka da leƙe Ahmed Zewail, mutumin Masar, ya bi sawun ƙwayoyin sinadarai suna rabuwa, aka ba shi kyautar Nobel a 1999.

Abin da ya fi damuna shi ne hannunka. A haɗin Michelson, wato tsarin da ke raba haske zuwa madubai biyu ya sake haɗa shi, madubi ya motsa da nanomita 400 kawai, layi guda ya tafi. Na taɓa kwana biyu ina bin wani canji ina murna, ashe iskar iyakwandishan ce ke kaɗawa ta kan tebur. Shi ya sa nake bi da shaida da ta uku ta hanya ɗaya, abin da ya girgiza wannan ya girgiza waccan.

Gobe ka riga ni zuwa, ka kunna lezar ta ɗumama. Cire agogo da zobe, sa tabaran kariya, don hasken nan da ƙyar ido ke ganinsa amma yana ƙona shi. Kuma kada ka ƙara jingina da teburin.